Korafi Kan Darasin Kwamfuta Na Makon Jiya

Edita, ina gaisuwa.

Darasin Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) da kuka buga ya koya wa yara tara sunaye a jeri, amma bai ce musu jerin nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta wucin gadi kawai yake zaune ba. Ƙanena ya shigar da sunayen masu bin mu bashin shinkafa su 43, aka ɗauke wuta, komai ya bi ruwa. Har kuka ya yi.

Da kun nuna masa json.dump, wato umarnin adana bayanai a fayil, ko ya buɗe fayil da "a" mai ƙara rubutu a ƙarshe maimakon "w", domin "w" share abin da ke ciki take yi tukuna. Kuma a sa utf-8, wato tsarin adana haruffa, in ba haka ba ƙ da ɗ kan rikice a Windows.

Naku,
Mai shagon hatsi, Kasuwar Dawanau, Kano