Barka da Sallah daga Bronx, da labarin Nick da Nora

Bronx, New York
1 ga Shawwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ke na rubuta wa domin na san ke za ki zauna a tsakar gida ki karanta wa su Umma, kuma ke kika san inda za ki tsallake idan Baba yana kusa.

Mun yi Idi da safe a masallacin unguwa tare da mutanen Gambiya da Ghana da Bangaladash, ana shafa fatiha kowa ya kama hanyar jirgin ƙasa, domin ko da yake makarantun gwamnati na wannan birni suna ba yara hutun Sallah, manya dai aiki suke tafiya in ba sun nemi izini ba. Ni na nemi nawa, amma da na dawo ɗaki na rasa abin da zan yi da hutun, sai na ɗauko faifan wasu tsofaffin finafinai da na aro a ɗakin karatu na unguwa, inda ake ba da aron fim kyauta kamar yadda ake ba da littafi. Da su na yi yinin Sallata, don haka labarinsu zan ba ku.

Finafinai ne marasa kala, baƙi da fari, guda shida, waɗanda kamfanin MGM ya yi daga 1934 zuwa 1947, na farkonsu sunansa The Thin Man. An ciro shi daga littafin Dashiell Hammett, wanda shi kansa ya taɓa aikin binciken laifuka a kamfanin Pinkerton kafin ya kama rubutu. Labarin mata da miji ne, Nick da Nora Charles. Shi Nick tsohon mai binciken laifuka ne da ya auri 'yar masu kuɗi, ya ajiye aiki yana cewa dukiyar da surukinsa ya bari yake kula da ita, alhali kuwa hutawarsa kawai yake yi. Ita kuma Nora, da yake ta tashi cikin gata ba ta taɓa ganin ɓarawo ido da ido ba, babu abin da take so kamar ta ga mijinta yana aikinsa na da, saboda haka duk inda aka yi kisa ita ce mai tura shi, shi kuma yana noƙewa. William Powell da Myrna Loy ne suka fito a matsayinsu, kuma sun yi finafinai 14 tare, har mutanen lokacin da yawa suka ɗauka ma'aurata ne na gaske, alhali ba su taɓa auren juna ba.

A fim na farko wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, dogo siriri mai suna Clyde Wynant, ya ɓace, aka kashe sakatariyarsa, 'yan sanda suka ce shi ne ya yi kisan ya gudu. 'Yarsa ta zo ta roƙi Nick ya nemo mata ubanta. Daga baya Nick ya shiga ma'aikatar mutumin da dare, karensu Asta ya yi ta tonon daɓe har aka gano ƙwarangwal a binne tare da tufafin wani ƙaton mutum, domin a ɓatar da sawu. Wani guntun ƙarfe da ke maƙale a ƙashin ƙafa ne ya nuna wa Nick cewa gawar wanda ake nema ce, ashe wanda ake zargi da kisa shi aka fara kashewa. Wanda ya yi aikin kuwa ba zan faɗa ba, ko don Auta, wanda na san sai ya nemi fim ɗin a wayarsa.

Amma Yaya, ni ba kisan ne ya zaunar da ni ba, ana gama fim ma sai ka nemi sunan rabin waɗanda ake zargi ka rasa. Abin da ya riƙe ni shi ne zaman mutanen nan biyu. Finafinan Indiya da muka tashi muna kallo duk a kan neman aure suke, ana ɗaura shi fim ya ƙare, waɗannan kuwa sun fara ne bayan an daɗe da shan biki, kuma suka nuna mata da miji da ba su gaji da hirar juna ba. Tsokana suke yi daga safe har dare, irin ta taubasai, ya jefa mata magana ta cafe ta mayar masa da wadda ta fi ta, kuma ba ka taɓa jin raini a ciki. Akwai inda ta shigo ɗaki ta tarar da 'yar Wynant tana kuka a kafaɗarsa, ya yamutsa mata fuska ta bayan yarinyar, ita ma ta yamutsa masa, shi ke nan magana ta wuce, babu yaji babu kiran iyaye. Akwai kuma daren da wani ɗan daba ya shigo musu ɗakin kwana da bindiga, Nick ya buge ta ta faɗi domin ya kawar da ita daga bakin bindigar, harsashi ya shafe shi a haƙarƙari. Da ta farfaɗo, abin da ya ɓata mata rai shi ne ya hana ta ganin yadda ya kama mutumin. Waɗanda suka tsara labarin finafinai uku na farko, Albert Hackett da Frances Goodrich, su ma mata da miji ne, kuma a ganina shi ya sa maganar take fitowa kamar ta cikin gida. Darakta W. S. Van Dyke mutum ne da ya yi suna wajen sauri, cikin kimanin mako biyu ya ɗauki fim na farko, duk da haka aka sa shi a takarar lambar yabon finafinai ta Oscar a fannoni huɗu.

Abubuwa biyu ne na san Umma za ta yi salati a kansu. Na farko shi ne karen, wanda suke shiga otal da shi, yana hawa kujera da gado, kuma matsoraci ne na ƙarshe, domin daren da ɗan bindigan nan ya shigo shi ne ya fara neman maɓuya. Haka mutanen nan suke har yau, a benenmu ma akwai tsohuwar da take sa wa nata rigar sanyi. Na biyu shi ne giya, wadda suke sha kamar ruwa tun daga farkon fim har ƙarshensa, abin babu kyan gani. Dalili kuwa shi ne Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 har zuwa Disamban 1933, fim ɗin ya fito watanni kaɗan bayan an ɗage dokar, ga kuma matsin tattalin arzikin da ya raba miliyoyin mutane da aikinsu, saboda haka masu kallo suna biyan kuɗi ne su ga mutanen da ba su da damuwar haya. Ba na yabon wannan ɓangare, na dai fahimci inda ya samo asali.

Labarin fim na farko a lokacin Kirsimeti ya faru a nan New York, su ma Nick da Nora baƙi ne a otal, gidansu yana can California. Suka haɗa liyafa a ɗakinsu, baƙinsu kuwa 'yan jarida ne da 'yan dambe da tsofaffin fursunonin da Nick ya taɓa kamawa, waɗanda ba su riƙe shi a zuci ba. Ana cikin waƙa da hayaniya sai ga wani ƙaton mutum ya rungume wayar tarho yana neman a haɗa shi da uwarsa a wani gari mai nisa, yana kiran sunanta yana kuka wiwi. An sa shi ne domin a yi dariya, kuma na yi, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin a daidai lokacin ina lissafin cewa la'asar ta yi a wurinku, su Umma sun gama rabon abinci.

Funkaso nake nufi, Yaya. Shinkafa da kaza akwai su a nan har sun yi yawa, shagunan mutanen Afirka suna sayar da daddawa da kuka da manja, har waina na taɓa samu a wurin wata 'yar Kumasi, amma funkason alkama ban ga mai yin sa ba. Ina tuna yadda Umma take kwaɓa shi tun daren jajibere ta rufe da faifai ya kwana yana tashi, da asuba a ji ƙarar mai, ta riƙa tsoma hannu a ruwa tana ɗebo ƙullun tana huda tsakiyarsa da yatsa kafin ta sake shi cikin kasko. Ga miyar taushe da kabewa ta narke a ciki, da ɗan tsamin yakuwa, da ƙashin da Goggo take ɓoye wa wanda ta ga dama. Sannan a jera kwanuka a zaure, a ɗora mana a ka, wannan na gidan Liman, wannan na gidan mai unguwa, kowane kwano ya dawo da abincin wani gida a cikinsa. Garin alkamar nan ya yi laushi da yawa, nawa kwaɓin bai ko kama hanyar na gida ba.

Su ma finafinan da taron jama'a ake rufe su, domin al'adar Nick ita ce ya tara duk waɗanda ake zargi a wuri ɗaya ya warware zaren a gabansu. A na farko liyafar cin abincin dare ya shirya, aka kawo wasu baƙin da ƙarfin hukuma, 'yan sanda suka sa kayan masu sabis suna zagayawa da faranti, Nora tana karɓar baƙi da fara'a alhali ita ma ba ta san wanda za a kama ba. Shi kuma yana zaune a kan tebur yana jan labari, yana kiran sunan wannan ya firgita, ya juya kan wancan, har mai laifin ya tona kansa. Ko teburin masu kisan kai ne, na ga dai a cike yake da mutane.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na biyar, The Thin Man Goes Home, da aka yi ana gab da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Nick ya ɗauki matarsa zuwa ƙaramin garin da aka haife shi, jirgin ƙasa ya cika maƙil, suka ƙare a taragon kaya saboda kare. Mahaifinsa likita ne da ya so ɗansa ya gaje shi, bai taɓa ɗaukar aikin bincike a bakin komai ba, don haka mutumin da duk New York take ji da shi ya koma yaro a gidan ubansa, har giyar ya ajiye ya koma ruwan tuffa. Nora ta ƙudura sai tsohon ya ga ɗansa a bakin aiki. Da aka kama mai laifi, uban ya buɗe baki ya yaba masa, Nick ya cika ƙirji har maɓallan falmaransa suka ɓalle. Wannan kam ki karanta wa Baba shi a hankali.

Ki gaishe min da Baba ƙwarai, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ki gaishe da Umma, ki sake gaishe ta, ki ce ina shan maganin da ta aiko, ina kuma rufe ƙirjina idan zan fita, sannan ki zauna da ita ta faɗa miki awon kwaɓin funkaso dalla-dalla, da irin kaurin da ƙullun yake yi, ki turo min da murya. Ina gaida matata ta gidan Kawu, wato Hajiya Kaka, ki ce mata angonta yana nan bai yi mata kishiya ba, goron Sallarta kuma yana cikin saƙon da na turo, kada ta ce na ci bashi. A gaida Goggo da Kawu da iyalansa, da mijinki, da Liman da mutanen zaure baki ɗaya. Auta ya dage da karatu. Yarana ki shafa min kansu ɗaya bayan ɗaya, a ɗauke su hoto da kayan Sallah kafin su ɓata su da miya, babbar kuma a ce mata na ji labarin haddarta, na yi murna matuƙa. Mahaifiyarsu zan kira ta da dare. Kuɗin barka da Sallar yaran unguwa suna hannun Auta, ki tsaya a kan rabon da kanki.

Wassalam.
Ƙaninki.