Wasiƙar Godiya ga Maigidan Shagon Kafinta na Unguwar Domayo da Yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali da dukkan yaran shago, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin ɗalibai 14 da muka kammala karatun zane-zane da sassaƙa a nan Marwa, domin mu gode muku a bainar jama'a kan aikin da kuka yi mana lokacin baje kolin ayyukanmu na ƙarshe. Kun roƙe ni kada in rubuta sunanku, kuma na bi umarninku, duk da cewa raina bai so ba. Wanda ya zo ya ga allunan katakon da kuka yi mana na rataye zane da idonsa, in ya tambaye mu, za mu kama hannunsa mu kai shi har bakin shagon.

Ga mai karatu da bai san tsarin ba, ɗalibin zane ba ya fita da takardar jarrabawa kaɗai. Dole ne ya fito da abin da hannunsa ya yi, ya ajiye shi a gaban malamai da iyaye da duk wanda ya ga damar shigowa, a duba, a yaba ko a kushe. Mun shafe shekara kowa yana fama da nasa. Akwai mai zanen fenti da ya bi Mayo Kaliyawo tun daga rani, lokacin da kogin yake zama yashi zalla yara suna ƙwallo a cikinsa, har zuwa damina da ruwa yake cika shi. Akwai 'yar'uwarmu daga garin Pus wadda ta gina ƙaramin samfurin ɗakin mutanen Musgum da yumɓu, irin ɗakin nan mai tsini da ake ɗagawa ba tare da ginshiƙi ko azara ba, mai tudu-tudu a bayansa waɗanda magini yake takawa ya hau, ruwan sama kuma yake bi ya sauka. Wani daga wajen Rumsiki ya zo da ƙananan kayan tagulla da ya zuba ta hanyar kakin zuma kamar yadda maƙeran Kapsiki suke yi, wani kuma daga Kusiri ya gasa tukwane da siffofi yana koyi da abin da mutanen Sawo suka bari a ƙasar da ke kudu da tafkin Cadi. Ni nawa aikin na fata ne, wadda na saya a hannun majeman garin nan, na yanka na ɗinka da irin ɗinkin da na gani a wurin kakana, wanda baduku ne.

Abin da babu wanda ya koya mana sosai a aji shi ne inda za a rataye waɗannan abubuwa da abin da za a ɗora su a kai. Mun samu aron wani babban ɗakin taro bisa sharaɗi guda, cewa ko ƙusa ɗaya ba za ta shiga bango ba, kuma masu ɗakin suna da gaskiyarsu. Ke nan sai mun gina namu bangon a cikin ɗakin mutane, mu kuma kwashe shi bayan mako guda ba tare da mun bar tabo ba. Kuɗin da ke hannunmu na karo-karo ne, wanda kowa ya tsakuro daga abin da iyaye suke aiko masa. Katako kuwa a Marwa ba abin wasa ba ne, domin dajinsa yana can kudu: jirgin ƙasa yana tsayawa ne a Ngaundere, daga nan sai manyan motoci su ɗauko shi su ratsa Garwa, tafiyar kusan kilomita 500, kuma kowane kilomita mai saye ne yake biyansa. Mun zaga shaguna da dama da zanen da muka yi a takarda, kowa ya duba ya faɗi kuɗin da ya sa muka fito jiki a sanyaye.

Ku ne kaɗai kuka ƙi faɗin farashi kafin ku ga ɗakin. Washegari bayan sallar la'asar kuka zo da yaro ɗaya da ma'auni, kuma abu na farko da kuka auna shi ne ƙofa. A lokacin mun ɗauka ɓata lokaci ne. Sai da kuka ajiye zanenmu a ƙasa kuka nuna mana cewa bangon mita 4 da muka tsara a haɗa a shago ba zai taɓa shiga ta wannan ƙofa ba, ko da an karkata shi, muka ji kunya ta kama mu, mu da muka yi shekaru muna koyon awo da daidaito. Ba ku yi mana dariya ba. Kuka ce fallen katakon da ake sayarwa faɗinsa mita 1.22 ne, tsawonsa 2.44, don haka a bar kowane falle a yadda ya zo, a yi masa ƙashi ta ciki, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaure su da noti a cikin ɗakin. Kuka ƙara da cewa kada a jera su a miƙe, a lanƙwasa jerin kamar tafiyar maciji, ta yadda kowane allo zai riƙe ɗan'uwansa ba sai an tokare shi da bango ba. Da wannan shawara guda aka daina yanka katako ana zubar da guntaye, aka samu damar rataye zane gaba da baya, allunan da muke bukata suka ragu daga 20 zuwa 12, kuɗin kuma ya sauko inda hannunmu zai kai.

Kun kuma tambayi abin da bai zo mana a rai ba, wato ta wace taga rana take shigowa da yamma. Tagogin yamma suna zubo haske mai zafi daga azahar zuwa faɗuwar rana, kuma irin wannan haske yana kashe launin fenti, yana busar da fata har ta tsage. Saboda haka kuka juya jerin allunan suka ba tagogin baya, aka ware wancan gefen ga tukwane da tagulla waɗanda rana ba ta yi musu komai. Malaminmu da ya zo duba shirin ya tsaya ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce a bi yadda kafinta ya faɗa.

Akwai wani abu da ya faru a shagonku wanda nake so mutane su sani, domin a nan ne na gane irin mutumin da muke hulɗa da shi. An sauke sabon farin katako, irin wanda ake kira ayus, a daidai makon da za a fara aikinmu, kuma yana da sauƙin kuɗi fiye da wanda ke jingine a rumfarku tun bara. Mu da kanmu muka nemi a yi da sabon. Kuka ɗauko guda kuka ba ni na riƙe, kuka ɗauko tsohon na riƙe, na ji bambancin nauyi, kuka ce ruwan dajin kudu ne bai gama fita ba, kuma in aka yi ƙashin allo da shi, iskar Marwa za ta murɗe shi kafin a rufe baje kolin. Kuka yi mana da busasshen a farashin ɗanyen. Na san abin da wannan ya rage muku, domin na ga lissafin a littafinku. Haka nan kuka ɗaga ƙafafun allunan daga ƙasa da ɗan yatsa uku saboda watan Yuli ne, ruwa yana iya kwararowa ta ƙarƙashin ƙofa, kuka sa aka cika buhuna da yashin mayo, wato kogin, aka danne ƙafafun ta ciki inda ido ba ya gani.

Wajen fenti mun so mai ƙyalli saboda shi muka saba gani a gidajen biki. Kuka ce ƙyalli yana mayar da hasken fitila cikin idon mai kallo, sai ya riƙa ganin bangon ya bar zanen. Aka shafa fari marar ƙyalli, shafi biyu.

Inda kuka fi ba ni mamaki shi ne wajen abubuwan ɗora kaya. Mun zaci akwatuna iri ɗaya za a buga, a jera. Kuka sa kowa ya kawo aikinsa ko ya faɗi girmansa da nauyinsa, kuka yi wa kowanne gwargwadonsa. Ɗakin Musgum ya fi ƙarfin mutum biyu, ga shi yumɓu ne da ba a gasa ba, ƙaramin girgiza zai iya tsaga shi, sai kuka yi masa faffaɗan gindi mai hannaye huɗu, aka zura shi a kai tun daga inda aka gina shi, bai sake sauka ba har aka gama. Kuka yi shi gajere domin mai kallo ya iya leƙa ramin da ke ƙololuwa, wanda hayaƙi yake fita ta nan a ɗakin gaske. Kayan tagulla ƙanana ne masu shiga aljihu, don haka kuka yi musu akwatin gilashi mai tsayi daidai ƙirjin mutum. Da aka zo kan fatuna, na miƙo ƙananan ƙusoshi ina shirin kafe su, kuka riƙe hannuna kuka ce fatar da majemi ya sha wahalarta, ni ma na sha wahalarta, ba za a huda ta a gabanku ba. Kuka sa na ɗinka aljihu a bayan kowacce, aka zura siririn katako, aka rataye katakon. Yau fatun nan suna ɗakina babu huji ko ɗaya.

Daren rataye kaya shi ne daren da ba za mu manta ba. Gardama ta tashi tsakaninmu kan wanda zai samu allon da ke fuskantar ƙofa, har murya ta fara tashi, ku kuwa ba ku sa baki ba, kuka ci gaba da ɗaure noti har muka gaji muka yi ƙuri'a. Sannan kuka fito da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na magina, yara biyu suka riƙe bakinsa biyu, aka fitar da layi guda a kan dukkan allunan a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, aka buga shi da igiya mai alli, domin tsakiyar kowane zane, babba ko ƙarami, ta zauna daidai idon mutum a tsaye. Ƙasan ɗakin ashe ba a daidai yake ba, kuma da mun auna daga ƙasa kamar yadda muka yi niyya, da zanen ƙarshe ya fi na farko sauka. Wajen ƙarfe 10 hadari ya taso, wuta ta ɗauke, muka ce a bari sai da safe. Kuka ce safiya ta baƙi ce. Muka haska muku da fitilun wayoyinmu, yaranku suna sama muna ƙasa, har aka rataye na ƙarshe. A nan ne aka ga firam ɗin babban zanen mayo ya karkace saboda laima, mai shi ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Kuka ɗauke shi zuwa shago a cikin yayyafi, an lulluɓe shi da leda, kuka dawo da shi bayan asuba a miƙe, kuma ba ku sa wannan a lissafi ba.

Ba zan ɓoye ba, warin fenti bai gama fita ba ranar buɗewa, har wasu iyaye mata suka riƙa toshe hanci da gefen mayafi. Laifin namu ne, domin mun yi jinkirin kawo rabin kuɗin farko da kwana 5, kun kuma gargaɗe mu tun farko cewa fenti ba ya bushewa da wuri da damina.

Jama'a sun zo fiye da yadda muka zata, ana ta magana da Fulatanci da Hausa da Faransanci da Larabcin Shuwa, yara suna zagaya lunguna da allunan suka yi, suna dafa su, babu wanda ya ko motsa. Na lura cewa a cikin mako guda ba wanda ya yi maganar bangon, kowa zanen yake magana, kuma da farko abin ya ɗan sosa mini rai saboda ku, sai daga baya na gane cewa haka kuka nufa tun ranar da kuka hana mu fenti mai ƙyalli. Kun zo ranar da babbar riga kuka tsaya can baya. Na gan ku kuna bin mahaɗar allunan da yatsa kuna duba noti, sai da mahaifiyata ta ce a kai ta ta gaishe ku sannan kuka yarda kuka matso gaba.

Game da kuɗi, kun karɓi rabi kafin aiki, kuka jira sauran har muka sayar da wasu ayyuka, ba ku taɓa aiko yaro ya tsaya mana a ƙofa ba. Da aka yi lissafin ƙarshe kuka mayar mana da jaka 7 na sefa, kuɗin gam da ƙusoshin da ba a taɓa ba, abin da mu ba mu ma san ya rage ba. Kun kuma yi tayin sayen allunan idan muna bukatar kuɗi, amma muka yi shawara muka bar su ga 'yan ajin da ke bayanmu, kuka kwance su da kanku, kuka rubuta wa kowane allo lamba a gefensa, kuka zuba notin a gwangwani, kuka nuna mana yadda za a jingine su a kan bulo nesa da ƙasa saboda gara.

Muna miƙa godiya ta musamman ga yaran shago su 4 da suka kwana tare da mu ba su yi tsaki ba, da maƙwabcinku mai walda da ya lanƙwasa mana ƙarafan rataye fitilu, da masu amalanke da suka yi sawu 6 tsakanin Domayo da ɗakin taron suna kaucewa taɓo. Ƙaramin yaronku, wanda ya tsaya ya daɗe a gaban zanen mayo yana tambayar yadda ake haɗa launin yashi, mun tara masa ragowar fenti da buroshi da takardu, za mu kawo su shago ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, idan kun ba da izini.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'a, ya raya zuriya, ya kare hannuwanku daga kaifin zarto.

Wassalam.

Ɗanku, a madadin ɗaliban ajin ƙarshe na zane-zane da sassaƙa,
Marwa, Kamaru.