Zuwa ga ɗana a Yamai

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Tawa lafiya lau, sai ciwon gwiwar mahaifiyarka da ka sani.

Labari ya iso mini ta bakin direban da ke kawo mana saƙonka cewa ana rage ma'aikata a wurinku, kuma maigidanku ya ce kowa ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa don a rabu lafiya. Tun ranar barcina ya ƙaura. Kora ba ta ba ni tsoro, arziki na Allah ne. Zuciyarka nake tsoro. Na san ka, a gaya maka magana ɗaya mai zafi sai ka watsa makullai kan tebur ka fice.

Saurara da kyau. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin sallama ko dala. Wanda aka sallama kuwa, muddin ba babban laifi ya yi ba, dole a ba shi wa'adi ko a biya shi kuɗin wa'adin, a biya hutun da bai ci ba, sannan kuɗin sallama: kashi 20 cikin 100 na albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma. Shi ya sa suke son hannunka ya rubuta, nasu ya fita fes. Dokar aiki ta 2012 tana nan da ranta, kar wani ya ruɗe ka.

Abin da ya sami kawunka a Arlit gabanka aka yi. Kana son ƴaƴanka su ɗanɗana irinsa? Kuma har ka yi girman da za ka ɓoye mini, sai na ji a tasha? Lokacin da na hana ka bin sa'o'inka Abijan ka daɗe kana fushi da ni, alhali aiki mai takarda nake nema maka, kuma yau takardar ce za ta tsaya maka.

Ka tattara kwantiragin da kuka sa hannu, da takardun albashi, da lambarka ta CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata, ka kai su gida, kar su kwana a ofis. Duk abin da aka miƙo maka, ka ce sai ka nuna wa sufeton aiki tukuna. In sun sallame ka, su rubuta dalili, su ba ka takardar shaidar aiki.

Ɗakinka na nan in abin ya kai ga haka, ba wanda zai yi maka gori a gidan nan. Ka kira ni bayan isha'i. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka