Shingen Dashi da Zakunan Ƙasar Masai

Malam Edita,

Ɓarna mai yawa da zaki ke yi wa shanun Masai a Kenya da Tanzaniya da dare take faruwa, a garke. Shingen ƙaya yakan ruɓe, kuma da shanu sun ji warin zaki sai su firgita su fasa shi, a waje ya kama su.

Dabarar da ta ci a kewayen gandun namun daji na Tarangire a Tanzaniya ita ce shingen dashi: a sari rassa, a kafa su dab da juna, a ɗaura musu waya mai raga. Rassan kan kama ƙasa su toho. Ƙofa ce lagonsa. In ta yi sako-sako, an yi aikin banza.

Gubar da ake barbaɗa wa mushe don ramuwa kuwa, har ungulaye da kuraye take hallakawa.

Na gode.