Wasiƙa zuwa ga Sani a Liyon ta Faransa, kan safar hannu ta hawan babur da sanyi

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na ji ka kama aikin kai kaya a kan babur, Allah ya sa albarka. Ka ce tun yanzu yatsunka na sandarewa da safe, alhali ba a ma shiga Disamba ba. Wannan ya dame ni, don yatsan da ya sandare ba ya kama birki a kan lokaci, shi ya sa na ce bari in rubuta maka dalla-dalla kafin ka kashe kuɗi a kan abin da ba zai yi maka aiki ba.

Sanyin da wayarka ke nunawa na mai tafiya a ƙasa ne. Idan an ce digiri 5 kana gudun kilomita 50 a awa, abin da fatarka ke ji ya gangara ƙasa da sifili kaɗan. Idan sifili ne kana gudun 80, ya kusa 10 ƙasa da sifili. Hannu ne a gaba, shi ke fara karɓar iskar, ga shi ba ya motsi. Hunturunmu na gida busasshe ne, na can kuwa da danshi yake zuwa, kuma jiƙaƙƙiyar safa tana zuƙe ɗumin hannu idan tafiya ta yi nisa.

Kada ka sayi safar masu wasan dusar ƙanƙara, ko da ka ga ta fi araha ta fi kauri. Tana da ɗumi, amma kwalta na yayyaga ta nan take. Kuma a Faransa tun 20 ga Nuwamba 2016 doka ta wajabta wa mai babur da wanda ya goya su sa safa mai shaidar CE, wato alamar cika ƙa'idar Turai. Tarar yuro 68 ce, direba kuma a cire masa maki ɗaya a lasisi. Ka buɗe cikin safar ka duba ɗan ƙyallen da aka ɗinka: za ka ga hoton mutum a kan babur da lamba EN 13594. Mataki na 1 ko na 2 ne, na 2 ya fi jure gurzuwa. Haruffan KP na nufin an gwada kariyar gaɓɓan bayan hannu.

Safa ta gari hawa uku ce. Na waje fata ko yadi mai ƙarfi, kuma a tafin hannu na fi son fatar akuya, don tana da laushi da ƙarfi ba tare da kauri ba, kai da ka san jar akuyar Maraɗi ba sai an yi maka bayani ba. Na tsakiya wata siririyar leda ce mai hana ruwa shiga ta bar tururin gumi ya fita, irin Gore-Tex ko Hipora. Na ciki shi ne abin ɗumi, Thinsulate ko PrimaLoft. Ka matsa da yatsa ka ji: ya kamata kaurin ya fi yawa a bayan hannu inda iska ke bugu, ya ragu a tafi. Wadda aka cika tafinta da kauri ba za ka ji totur da kuloci yadda ya kamata ba.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wajen awo, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Abin da ke riƙe ɗumi iskar da ta maƙale a cikin safar ce, da jinin da ke gudana a yatsu. Matsattsiyar safa tana kashe duka biyun: ta danne abin ɗumin ta fitar da iskar, ta kuma takura jini. Ka samu tef ɗin tela ka zagaye tafin hannu ta kan gaɓɓai, ban da babban yatsa, ka auna hannun da ya fi girma, sannan ka duba jadawalin kamfanin, don L na wannan ba shi ne L na wancan ba. A shago kada ka gwada da hannu a miƙe. Ka dunƙule shi kamar ka riƙe kan babur, ka miƙa yatsu biyu kamar za ka ja birki. Idan kan yatsa ya tokare ɗinki, ta yi kaɗan. Ya kamata a samu ɗan sarari na rabin santimita ko kusa da haka. Idan kuma yadin ya tattare a tafi ko kan yatsan ya lanƙwashe, ta yi yawa. Sai ka ɗaure maɗaurin wuyan hannu ka fizge ta da ɗayan hannun. Wadda ta zare a shago za ta zare ranar faɗuwa, Allah ya kiyaye.

Akwai wata matsala da ba a gani sai an yi kwanaki. Idan hannu ya yi gumi ka zare safar, shafin ciki na biyo yatsu ya juyo waje, kuma mayar da shi aiki ne ja. Kai da za ka riƙa cirewa kana sawa a kowace ƙofa, ka tambayi mai shago wadda aka manne hawanta wuri ɗaya. Ka nemi mai kan yatsa da ke aiki a fuskar waya, da ɗan robar goge gilashin hular kwano a manunin hagu. Ta zama mai dogon wuya. Ranar ruwa ka cusa wuyan a ƙarƙashin hannun riga, in ba haka ba ruwan da ke gangarowa daga kafaɗa zai zuba kai tsaye cikinta, ka ɗauka ledar ce ta huje.

Idan sanyi ya kai sifili, safa kaɗai ba ta isar mai wuni a waje. Mafi arha kuma mafi amfani ga aikinka shi ne jakar da ake ɗaurawa a kan babur hannu ya shige ciki, wadda za ka gani a baburan masu kai kaya da yawa a can. Tana tare iska da ruwa gaba ɗaya. Sai dai ka ɗaure ta da kyau, ka tabbatar iska ba ta danna ta a kan hannun birki idan ka ƙara gudu. Mariƙin kan babur mai hita tafi kawai yake ɗumamawa, bayan yatsu na nan cikin iska. Safa mai batir tana ɗumama bayan hannu da yatsu, amma a matakin zafi na ƙarshe batirin ba ya wuce awa biyu zuwa uku, don haka mai wuni sai dai wadda ake jonawa da batirin babur. Safar ciki kuwa, siririya ta siliki ko ulu, ban da auduga, don tana shan gumi ta riƙe. Ka kuma rufe ƙirji da wuya sosai, domin da zarar gangar jiki ta ji sanyi, jini ke janyewa daga yatsu.

In hali ya yi, ka sayi biyu ka riƙa musanyawa. Jiƙaƙƙiya kada ka ɗora ta a kan hitar ɗaki, fatar na bushewa ta tsage, ledar ciki ta lalace. Ka cusa mata takardar jarida ka bar ta a gefe ta bushe a hankali. Idan ka ga yatsa ya yi fari fat ba ka jin taɓi, ka tsaya ka shiga wuri mai ɗumi. Kada ka murza shi, kada ka kara shi a wuta ko salansa, ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai. In jin bai dawo ba ko ya yi bororo, ka tafi asibiti a ranar.

Ka aiko min da awon hannunka da irin babur ɗin, in gaya maka jakar da za ta dace da shi. Ka gaida mai ɗaki da yara.

Wassalam,
Amininka Habu