Auta, Numfashi Ba Abin Kawaici Ba Ne

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan naki. Na ba yayanki takardar nan ya kawo miki Samaru ne saboda a waya ba kya bari a yi maganar. Da na ɗauko ta sai ki ce "lafiya lau Inna," ki shiga wani zancen.

Yayarki ta faɗa mini abin da ta gani ranar da ta yini gidanki. Wai kina cikin magana sai ki tsaya ki buɗe baki, hamma ta zo ta ƙi ƙarasawa, ki dafe ƙirji ki sake ja, sai iskar ta kai ƙasa hankalinki ke kwanciya. Har rantsuwa kika sa ta kada ta gaya mini. Ni za ki ɓoye wa? Ke da kika san yadda aka yi da Gwaggonki ta Kwarbai? Ita ma "sanyi ne, zai wuce" ta dinga cewa. Tun da labarin ya iso kunnena barci ya ƙaurace mini, daren nan kawai nake gani, ƙirjinta na kuka kamar usur, maza sun bazu neman mota. Fuka tana bin jini, kuma jinin nan yana jikinki.

Ban ce ita ce ba. Ƙarancin jini yana sa haki, balle in rabo ya samu. Damuwa ma tana sa mutum ya yi ta zuƙar iska fiye da ƙima, har jiri ya biyo baya. Ciwon zuciya ma da haki yake fara wa wasu. Ba ni zan rarrabe ba, ba kuma masu ce miki iska ce ko baki ba. Rufe baki in hamma ta zo sunna ce, ki riƙe addu'o'inki, amma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, kusa da ku. A auna jininki, a saurari ƙirjin, a ɗauki hotonsa, in ta kama ki busa na'urar gwada ƙarfin huhu.

Sai maganar turaren wuta. Ni na haɗa miki shi kwalba-kwalba, kuma ko gobe haka zan yi, don ba za a kai 'yata ɗaki a ce uwarta ta gaza ba. Amma ban ce ki kulle taga ki cika kasko safe da yamma har ba a ganin bango ba. Ki ajiye shi mako biyu, da humrar, ki ga ko za a samu sauƙi. Maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya su bar ɗakin kwana, ku ɗaura gidan sauro. Kafet ɗin nan da labulaye masu nauyi ƙura suke tarawa, ga hunturu ya ƙarato. Ki fitar da katifa da filo su sha rana, ki yayyafa ruwa kafin shara, in za ki fita ki sa takunkumi. Janareta kuma a nisanta shi da taga. Ki samu ɗan littafi, duk sanda abin ya taso ki rubuta lokacin, da abin da kika ci ko kika shaƙa, ki nuna wa likita.

Kada ki kuskura ki tura yaro kemis. Piriton barci yake sawa, ya ƙara miki hammar, asfirin kuwa yana tayar wa wasu masu fuka da ciwonsu. In likita ya rubuta abin shaƙa, ki karɓa. Masu cewa wanda ya fara ba ya rabuwa da shi su suka hana Gwaggonki.

In kin ji ba kya iya ƙarasa magana sai kin huta, ko ƙirji na ciwo, ko leɓe ya sauya launi, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ki sanar da maigidanki yau, wannan ba wurin kunyar amarci ba ne.

Na san na yi faɗa, Auta. Ke ce kika fi kowa haƙuri a ɗakina, shi ya sa na fi jin tsoro a kanki. Ranar Litinin da sassafe, in Allah ya kai mu, zan zo mu tafi Shika tare, na riga na gaya wa Babanku. Allah ya ba ki lafiya, ya yi miki albarka.

Innarki