Kafin a jefi motar kwana-kwana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinsa. Ni tsohon direban motar kwana-kwana ne, na yi ritaya. Ban taɓa rubuto wa jarida wasiƙa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne gobarar da aka yi kwanakin baya a birninmu, da maganganun da suka biyo bayanta. A gabana wani dattijo mai kamala ya ce 'yan kwana-kwana ba su da amfanin komai, kullum sai wuta ta gama cin rabonta sannan su iso suna jiniya, tankinsu kuma wayam. Ban tanka masa ba, don wurin jaje ne, ba wurin gardama ba. Amma maganar ta kwana tana cina.

Bari in fara da ruwan, tunda shi ake yi mana gori a kai. Motar da na fi daɗewa ina ja tana ɗaukar lita 4,000. Tiyo ɗaya idan aka sake shi sosai yana iya zubar da lita 500 a minti guda. Ka yi lissafin da kanka, Malam Edita: minti takwas ke nan. In tiyo biyu ne, minti huɗu. To wanda ya iso wurin bayanmu da minti goma me zai tarar? Mota a tsaye, tiyo a kwance a ƙasa, wuta na ci. Sai ya koma gida yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga mun zo babu ruwa. Ruwan cikin mota na tare wuta ne tun tana ƙarama, ko a buɗe hanyar da za a fito da rai. Ruwan kashe babbar gobara yana ƙarƙashin titi, a famfunan gobara da ake jona musu tiyo, ko a tankunan ajiya na unguwa. Inda babu waɗannan, sai dai mota ta yi ta zirga-zirga tana ɗebowa, ita kuwa wuta ba ta zaman jiran kowa.

Akwai wani dare da har yau ba ya barin raina. Wajen ƙarfe biyu waya ta yi ƙara, mai kiran ya yi ihu ya ce gobara, ya kashe, bai faɗi inda take ba. Sai da wani ya sake kira muka san unguwar. Muna karya kwanar layin muka tarar an jera motoci dama da hagu, tsakiya ko ƙaramar mota sai ta yi dabara. Muka shiga buga ƙofofi ana tada masu makullai daga barci. Da muka isa, benen sama ya riga ya kama. Tanki ya ƙare, muka nufi famfon gobarar da ke cikin taswirarmu, sai muka tarar wani ya malale shi da siminti don ya sami wurin ajiye motarsa. Ina durƙushe da diga a hannu ina sarar siminti cikin duhu dutsen farko ya fasa gilashin motar. Ban ga laifin mai jifan sosai ba, gidan ɗan'uwansa ne ke ci. Abin da bai sani ba shi ne, a daidai wannan lokacin ƙaramin cikinmu yana cikin gidan, ya ɗaure fuska da jiƙaƙƙen tawul, domin tukwanen iskar numfashi biyu kacal ke aiki a tasharmu, mu kuwa mu shida ne. Ya fito da wata yarinya a kafaɗa, da ranta. Tun daga wannan dare tari bai sake shi ba.

Mutane suna ganin harshen wuta ne abin tsoro. Hayaƙi ya fi shi kisa. Ɗakin zamani kuwa, mai katifar soso da kujeru da labulen roba, yana iya kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti biyar. Tukunyar iskar da ake goyawa an rubuta mata minti 30 ko 45, amma mutumin da ke hawa bene da kaya a baya yana haki ba ya kaiwa haka, kuma in ta ƙare sai da injin cikawa. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Da na ji wannan labari ban yi mamaki ba. Na tuna tawul ɗin nan.

To ina ruwan jama'a, ba aikin gwamnati ba ne? Aikinta ne, kuma ba na so kowa ya sauke mata shi. Amma na lura da yadda taimakonmu yake zuwa, mu mutanen birni. Sai an yi babbar asara a buɗe asusun tallafi, a yi ta ba da gudummawa mako biyu, sannan a manta. Ihu bayan hari. Wani lokaci wani mai hali ya sayo mota sabuwa fil, a yi bikin miƙawa, a ɗauki hotuna. Na ga irin wannan mota da idona: ba ta cika shekara ba famfonta ya lalace, aka nemi kayan gyara aka rasa, domin ba a tambayi makanikanmu ba kafin a sayo ta. Ta ƙare a bayan tasha a kan bulo, tayoyinta an cire an sa wa tsohuwar. Allah ya saka wa mai kyautar da alheri, niyyarsa mai kyau ce. Sai dai abin da ke tayar da mota cikin dare ba ya kyau a hoto: dizal, batir, birki, taya, tiyon da bai huje ba, injin cika iska, horo, da albashi a kan lokaci. Ba wanda ke son a rubuta sunansa a jikin batir. Irin wannan kuɗi kuwa ba na rana ɗaya ba ne, na kowane wata ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba mu ne farkon waɗanda suka yi wannan jinkiri ba. Gobarar Landan ta 1666 ta cinye gidaje sama da 13,000. Bayanta kamfanonin inshora ne suka kafa nasu 'yan kwana-kwana, kowane kamfani yana manna tambarinsa a bangon gidan da ya biya shi. A 1833 suka haɗe rundunoninsu ƙarƙashin James Braidwood, wanda shi kansa ya mutu a bakin aiki a gobarar 1861, bango ya rufto masa. Sai a 1866, shekara 200 cif bayan waccan babbar gobara, aikin ya koma hannun hukuma da kuɗin jama'a. Kada ka ce wannan tsohon labari ne. A 2010, a jihar Tennessee ta Amurka, 'yan kwana-kwana sun ƙi kashe wutar wani gida saboda mai gidan bai biya kuɗin shekara na dala 75 ba. Sai da wutar ta tsallaka filin maƙwabcinsa da ya biya suka sa hannu. Wuta ba ta duba rasit. Masu iya magana sun daɗe da cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa duk tsarin da zai ce sai wanda ya biya za a je wa, ban yarda da shi ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Jamus. Yawancin masu kashe gobara a can 'yan sa-kai ne, kusan mutum miliyan ɗaya: malamai, makanikai, manoma, masu shaguna. Idan kira ya zo, mai gidan aiki ya saki ma'aikacinsa ya tafi. Amma sa-kai bai zama hujjar da hukuma za ta naɗe hannu ba. Doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi sayen motoci da kayan aiki, kuma akwai haraji na musamman da ake cirewa daga kuɗin inshorar gobara don wannan hidima. Jama'a su kawo jiki, hukuma ta kawo kaya.

Yanzu ga 'yan'uwanmu na motar asibiti, waɗanda ko jifan ma ba sa samu, don an manta da su ɗungurungum. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsu ɗaukar mara lafiya ne kawai, kamar motar haya mai jiniya. Ba haka ba ne. Wata rana muna dawowa daga aiki muka tarar an yi cincirindo a bakin titi, wani magidanci ya yanke jiki ya faɗi. Masu yi masa fifita na yi, masu yayyafa ruwa na yi, masu ɗaukar bidiyo da waya sun fi kowa yawa. Ba wanda ya taɓa ƙirjinsa. Da motar asibiti ta iso, wata matashiyar ma'aikaciya ta durƙusa a kan kwalta ta shiga danna masa ƙirji, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ta ce a miƙo na'urar da ke ba zuciya shokin. Aka kunna, batirinta ya mutu. Ta ce mini, “Baba, wata uku ke nan muna rubutawa.” Ba ta daina dannawa ba har suka ɗauke shi.

Idan zuciya ta tsaya, kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba yana rage damar rayuwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Babu motar da za ta riga wanda ke tsaye a wurin. Abin da ake bukata hannu biyu ne a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Ana koyon wannan a yini ɗaya. A birnin Seattle na Amurka, a 1970, wani likita mai suna Leonard Cobb da shugaban 'yan kwana-kwana Gordon Vickery suka haɗa kai aka horar da masu kashe gobara aikin ceton rai, shekara ta zagayo suka fara koya wa mutanen gari danna ƙirji. Daga baya mazauna yankin suka amince ta hanyar ƙuri'a a riƙa cire wani haraji na daban don wannan aiki, kuma lokaci-lokaci ana komowa gare su a tambaye su ko a ci gaba. Yau ana kafa misali da su a duniya. Ka haɗa da haɗarin mota, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, ka ga yawan mutanen da ransu ke rataye a kan wanda ya fara isowa.

Ba na cewa mu waliyyai ne. Na yi aiki da wanda aka kama yana zuƙe dizal, na yi aiki da wanda sai an jijjiga shi kafin ya tashi. Saboda haka duk wanda ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai ya ga inda kuɗin ke tafiya, ina bayansa. Abdul Sattar Edhi na Pakistan, wanda ya rasu a 2016, da sadakar talakawa ya tara ɗaruruwan motocin ɗaukar marasa lafiya, kuma abin da ya sa suka yi ta ba shi, sun ga motar na zuwa idan an kira. A kowace tasha akwai littafin da ake rubuta lokacin da kira ya shigo, lokacin da mota ta fita, da lokacin da ta isa. A fito da shi duk wata a manna a bango. A rubuta motoci nawa ke tashi, nawa ke kan bulo. Ma'aikaci mai gaskiya ba ya tsoron wannan littafi, shi ne ma zai wanke shi.

Roƙona ga mutanen birninmu, idan lokacin kasafin kuɗi ya zo, a tambayi wakilin unguwa nawa aka ware wa kashe gobara da agajin gaggawa, sannan a sake tambayarsa nawa aka saki, don waɗannan lambobi biyu ba kasafai suke zama ɗaya ba. Ƙungiyar da ke son taimakawa ta fara zuwa tasha ta tambayi me ya lalace kafin ta sayi komai, kuma gara kaɗan duk wata da mai yawa sau ɗaya. Mai kiran waya ya faɗi unguwa da layi da wata alama kafin ya kashe, kuma ya kira tun wuta na ƙarama, ba sai bokitai sun gaza ba. Direba in ya ji jiniya ya kauce, kada ya bi bayanmu a guje yana cin arzikin hanyar da muka buɗe. Masu kiran ƙarya don wasa kuwa, na bar su da Allah.

Ga ku 'yan jarida ma, Malam Edita. Kuna zuwa ranar gobara ku ɗauki hayaƙi. Ku turo wakilinku tasha ranar da babu gobara, ya ce a tayar masa da kowace mota ya ji, ya ƙirga tukwanen iska, ya ce a kunna masa na'urar zuciya.

Makon jiya na bi ta layin nan da aka jefe mu. An sake gina gidan, har an yi masa fenti. Na tsaya na duba inda na sara da diga, na tarar an sake malale famfon da siminti, akwai mota a kai.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Tsohon direban motar kwana-kwana